Yanda ƙanena ya yanka mashin ɗin achaba a tsakar gidanmu a Jos

Mashin ɗin nan ranar da ya shigo gidanmu a Gangare turo shi aka yi, ba hawa ba. Irin 'yan Chinan nan ne masu cc 125 da suka kwaikwayi Honda CG, ya sha achaba tsakanin Bauchi Road da Terminus da Farin Gada kafin a hana achaba a cikin Jos da Bukuru zamanin gwamna Jonah Jang, daga nan mai shi ya koma Keke Napep, mashin ɗin kuma aka tura shi ƙauye wajen Bokkos yana dakon dankali har ya gaji aka jingine shi a zaure kaji na kwana a kai. Ƙanena ne ya sayo shi bayan cire tallafin mai na 2023, lokacin da kuɗin keke zuwa wajen aiki ya fara cinye masa albashi. Dalilin da ya faɗa wa Hajiya kenan. Ainihin dalilin kuma wani ne daban, kuma ni na sani.

Akwai wani hoto a falon Baba, baƙi da fari, shi ne a tsaye da wando mai faɗin ƙafa ya dafa Honda CD175 ɗinsa, wanda ya saya da kuɗin Udoji, wato ƙarin albashin da aka yi wa ma'aikatan gwamnati, a 1975 yana malamin makaranta, lokacin Jos na hedkwatar jihar Benuwai-Filato. Tun muna yara yaron nan yake tsayawa gaban hoton. Tanki mai kurom a gefe da robar jingina gwiwa, fitila zagayayya, madigadi na ƙarfe har ƙasa, salansa biyu hagu da dama. Toh sai dai abun da ya cika wayarsa ba wannan bane, bidiyoyin YouTube ne na mashinan da Turawa ke kira kafe resa, salon da samarin Ingila suka ƙirƙiro a shekarun 1950 da 1960, su ɗauki Triumph ko Norton ko BSA su tuɓe duk wani abu mai nauyi, su sauke kan mashin ƙasa su kwanta kan tanki, a taru a Ace Cafe a Landan ana neman wanda zai kai mil 100 a awa, wato wajen kilomita 160. Shi so yake ya haɗa biyun, launin Baba da jikin samarin Landan. Da ya nuna wa Baba hoton a waya, Baba ya gyara gilashi ya duba ya ce, "Wannan ai ɓarayi sun riga ka ganinsa, sun kwashe rabi." Muka yi dariya. Ashe tsohon ya gama magana.

Kuskure na farko ni ma da hannuna a ciki, dan ni na riƙe masa sifana. Mashin ɗin da ko tayar da shi ba mu yi ba, ba mu ji kukan injin ba, ba mu san ko yana hayaƙi ko giya na zamewa ba, muka hau shi da kwancewa ranar Asabar guda har ya koma firam tsirara a tsakar gida, notuka a gwangwanin madara uku ba tare da an rubuta wanne na ina bane, wayoyi kuma ko hoto ɗaya ba a ɗauka ba kafin a zare su. In da mun fara zuba mai mun tayar da shi mun ɗan zaga ko zuwa Zololo ne mu dawo, da duk matsalar da ta taso daga baya mun san wacce muka saya da kuɗinmu, wacce kuma muka jawo da hannunmu. Wannan rashin sanin shi ya fi komai cin lokaci.

Sai yanka. Bayan firam ɗin irin mashinan nan dogo ne dan an yi shi ne ya ɗauki mutum biyu da kaya, mu nan ma uku da buhu, shi kuma yana son gajeren baya mai lanƙwasa kaman harafin U a ɗora siririyar kujera. Ya aro giranda ya yanke. Matsalar ita ce ya matso da yankan daf da inda shokozoba ke kamawa ta sama, har ya tafi da ɗan ƙarfen da ke haɗa gefen hagu da na dama, kuma wannan ƙarfen ba dan ado aka sa shi ba, shi ke hana ɓangarorin biyu buɗewa ko murɗewa in nauyi ya sauka. Mai waldan farko da ya kai wa, mai yin ƙofa da taga ne, ya lanƙwaso bututun da ake yin kujerar ƙarfe da shi, siriri kaman gwangwani, ya ɗiɗɗiga masa walda ta waje ya goge ya yi sumul, a ido ka ce daga kamfani. Ni na hau na zauna na yi tsalle biyu a kai, wasa ma nake, sai ga layi siriri ya tsage a gefen hagu. Allah ya rufa asiri a tsakar gida ya faru ba a gangaren Gada Biyu ba. Dole aka ɗauke shi zuwa Dilimi wajen wani dattijo da ke waldar firam, ya cire aikin farko gaba ɗaya, ya samo bututu mai kauri daidai da na asali, ya zura guntun ƙarfe a ciki ta kowane gefe ya shiga duka ɓangarorin biyu, ya huda ƙananan ramuka ya cike su da walda ta yanda na ciki ya kama na waje, sannan ya zagaye mahaɗar, ya mayar da ƙarfen tsakiya. Yana aiki yana ta mita, wai yaran yanzu sai sun yanka suke zuwa tambaya.

Shi dattijon ne ma ya ceci lambar shasi. Tana jikin wuyan firam ne, inda kan mashin ke juyawa, ƙanena ya ga wurin ba santsi yana shirin bin sa da giranda ya shafe da fila. Dattijon ya riƙe masa hannu ya ce, "Yaro, in ka goge wannan ka gama mayar da kanka ɓarawo da kuɗinka." Ita da lambar injin da ke gefen hagu ta ƙasa su ne kaɗai ke haɗa ƙarfen nan da takardunsa. Salatif muka manna a kai har aka gama fenti.

Tanki kuwa tsoho ya samo a wajen 'yan gwangwan, siffarsa ta yi kama da na Baba, amma cikinsa tsatsa kaman an yi shekara ana jiƙa kanwa. Mun zuba notuka da ƙananan kusoshi da kananzir muka yi ta girgizawa da yamma har hannu ya mutu, aka wanke, aka cika shi da ruwan tsami irin na kwalba da ake sayarwa a kanti ya kwana biyu, aka ɗauraye aka shanya a rana. Da tsatsar ta fita sai ƙananan huji biyu suka bayyana a ƙasa, ashe ita ce ta toshe su. Nan ne na ga abun da ban manta ba. Ƙanena ya ce ai tankin ya shekara ba mai, a liƙe kawai. Mai waldan ya ƙi, ya wanke da omo da ruwan zafi sau uku, ya cika shi da ruwa ya bar ɗan wurin da zai liƙe kaɗai a sama, murfi a buɗe, ya kore mu baya. Ya ce tanki cike da mai wuta zai ci, wanda ya yi kaman babu komai shi ne ke fashewa, dan tururin ne ke kamawa. Ya nuna mana tabon da ke gefen wuyansa bai ƙara ko kalma ba.

Fenti ma sau biyu aka yi. Na farko na gwangwanin fesawa ne a bayan gida, ja mai duhu irin wanda Baba ya ce nasa yake, ya yi kyau wallahi har maƙwabta na leƙowa, sai ranar da aka fara shan mai a gidan mai ɗigo uku suka zuba kan tankin, yaro ya sa hannun riga ya share, fentin ya biyo rigar. Fentin gwangwani na gama-gari ba ya jure fetur. Sai da aka kankare da sanfefa aka kai wa mai fentin mota ya bi da mai haɗin hadina ya rufe da mai ƙyalli. Kuma an yi wannan a watan Janairu ne, hunturun Jos kowa ya san shi, ƙura na sauka kan ɗanyen fenti, sanyin safe na hana shi bushewa da wuri, sai da mutumin ya yayyafa ruwa a ƙasan shago ya jira rana ta take tsaka.

Da aka harhaɗa, mashin ya ƙi tashi. Kik ya kai ɗari. Fitila na kawowa dishi-dishi, hon na kukan ɗan tsako, fulogi ba wuta mai ƙarfi. Mun zargi koyil, mun zargi akwatin CDI mai sarrafa wutar fulogi, mun sayo sabo ma a banza. Riwaya ya zo bai yi minti goma ba ya karɓi wuƙa ya kankare fenti a inda wayar at, wato wayar da wuta ke komawa ta cikinta, ke ɗaurewa jikin firam da inda koyil ke zama, ya ɗaure, bugu biyu ya tashi. Fentin da muka lafta wa firam ko'ina dan ya yi sheƙi shi ya raba ƙarfe da ƙarfe, wuta ta rasa hanyar komawa.

Amma duk waɗannan ƙanana ne in aka zo maganar kafireta, nan muka yi wajen wata biyu. A hotunan da yake kallo tsakiyar mashin fayau take, kana hango ɗaya gefen, dan haka ya cire akwatin iyakilina gaba ɗaya ya ɗaura ɗan ƙaramin mataci mai kama da mazurari a bakin kafireta, salansa ma ya sa aka farke aka zare abun da ke ciki dan ya yi ƙara. A silo lafiya lau. Kana murɗa totur sai ya shaƙe kaman zai mutu sannan ya zabura, in ka saki yana tas tas ta baya, ga zafi, ka yi tafiyar Terminus zuwa Bukuru injin na ƙamshin ƙonewa. Makaniken da ya gane abun tsoho ne, tun zamanin Honda na asali yake aiki. Bai taɓa kafiretar ba da farko, fulogi ya kwance ya ɗaga wa rana. Bakinsa fari fat kaman an shafa alli. Ya ce iska ta fi mai yawa. In baƙi ne mai toka-toka mai ne ya yi yawa, wanda ake so shi ne launin shayi da madara. Kamfani ya auna jet ɗin, wato 'yar ƙofar da mai ke bi a cikin kafireta, daidai da iskar da akwatin ke bari ta wuce da kuma yanda salansa ke riƙe hayaƙi, ka buɗe gaba ka buɗe baya ka bar mai yanda yake, dole wuta ta yi zafi fiye da kima, kuma ƙarshenta bawul ya ƙone ko fistin ya samu matsala.

Sai ya ƙara da wani abu da ni ban taɓa kawowa a raina ba duk da a garin aka haife ni. Jos na kan tudu ne, wajen mita 1,200 sama da teku, iskarmu ta fi ta bakin teku sirantaka da wajen kashi 10 cikin 100, shi ya sa mashin da aka saita a Legas in ya hawo nan yakan ɗan nuna mai ya yi yawa. Wato ma tudun ne ke ɗan rufa wa ƙanena asiri. Ya ce, "In a nan fulogi ya yi fari haka, ranar da ka gangara Hawan Kibo ka nufi Akwanga ko Abuja ina ka ke zaton za a je?" Ya buɗe saman kafiretar, PZ26 ce irin wacce yawancin 'yan CG ke zuwa da ita, ya zaro allura, tana da tsaga biyar da ɗan kilif, ya sauke kilif ɗin tsaga ɗaya ƙasa dan allurar ta ɗago mai ya ƙaru a tsakiyar totur, ya canza babban jet zuwa wanda ya ɗara, ya saita tazarar bawul da ma'auni a milimita 0.08 injin na sanyi, dan ashe tun farko a matse suke, ɗaya daga cikin abubuwan da muka saya da kuɗinmu kenan ba mu sani ba. Sau huɗu ana fita gwaji a hanyar Lamingo ana dawowa ana duba fulogi. Ya gyaru, ba laifi.

Gyaruwar ta kai har saukar damina. Ruwan Agusta ya kama shi wajen Rikkos, matacin nan a waje yake tsirara daidai inda tayar baya ke watso ruwa, ga shi madigadin baya ma an gutsire shi, injin ya sha ruwa ya yi tari ya mutu, ya turo shi har gida a jiƙe da zanen laka tun daga ƙugu har ƙeya. Da aka buɗe kafireta washegari har da yashi-yashi a ciki, wanda ina ga tun ƙurar hunturu yake shiga, dan irin wannan matacin mai araha ƙura mai laushi wucewa take. Abun haushin shi ne Honda da ta fito da CG125 a 1975 dan irin ƙasashenmu ta yi shi, sai da ta tura mutanenta suka zaga kasuwanni irin su Tailan da Indonesiya da Fakistan suka ga ana lodi fiye da kima, ba a juye baƙin mai kan lokaci, ga ƙura, shi ne suka yi injin mai sandunan tura bawul maimakon sarƙar sama, da soson iyakilina da ake wankewa a mayar, a cikin akwati rufaffe. Wato abun da aka zauna aka yi domin mu shi muka fara cirewa muka jefar bayan ɗaki. Sa'a ɗaya Hajiya ba ta bari a zubar da komai, ta adana akwatin tana zuba dawar kaji. Aka wanke aka mayar, aka rufe gefe da murfin ƙarfe baƙi, jet ya koma kusan yanda yake da.

Madigadin gaba ma ya dawo, kuma ba dan ruwa kaɗai ba. A irin wannan mashin ƙarfen madigadin na taimakawa wajen riƙe ƙafafun gaba biyu su tafi tare, da aka cire shi in ka taka birki da ƙarfi ko ka faɗa rami sai ka ji gaban na ɗan yin laƙwas. Ya samo na ƙarfe mai kurom gaba da baya, dogaye.

Kan mashin da ya sauke ƙasa sati uku ya yi. Samarin Landan tsere suke a kan kwalta mai santsi, shi kuma go-slow ɗin Bauchi Road yake bi da ramukan cikin unguwa, duk nauyinsa a wuyan hannu, juyawa a lungu kuma sai yatsansa ya matse da sabon tanki, har ya ɗan lotsa fentin. Ya dawo da mai ɗan tsayi. Kujera kuwa ita ce abun da na fi so a aikin duka, fata ce ruwan ƙasa masu aikin fata na Naraguta suka ɗinka da layi-layi a kwance, sai dai gindin farko na katako ne falewud, damina ɗaya ya kumbura ya fara rabewa, aka sake da farantin ƙarfe aka sa leda tsakanin soso da fata. Tsayinta ma an ƙara, dan Hajiya ta ce mashin ɗin da ba zai kai ta asibiti ba, ba zai ɗauko mata buhun dankali daga Farin Gada ba, ita ba ta ga amfanin ajiye shi a zaurenta ba. Magana ta ƙare. Dattijon Dilimi ya sake ganinmu, bai ce komai ba, murmushi kawai ya yi yana auna bututu.

Birki na ganga ne gaba da baya, an sa sabbin takalma da sabuwar waya, taya mai inci 18 aka bari yanda take dan masu ƙiba da yake so za su goga jikin ƙarfen baya kuma su cinye ɗan ƙarfin da injin ke da shi, wanda dama bai wuce doki goma ko sha ɗaya ba. Madubi da sigina ya so ya bari a cire, sai da aka tsayar da shi sau ɗaya a hanya aka yi ta jujjuya takardu, takarda na cewa baƙi mashin na cewa ja, lamba kuma ya maƙale ta a gefen taya a karkace. Lambar shasin nan da aka rufe da salatif ita ta fitar da shi. Bayan nan ya je aka gyara launi a takarda, lamba ta koma baya sosai da 'yar fitilarta, ya sayi hular kwano. Kuɗi kam da na zauna na tattara abun da ya rubuta a bayan littafi, gyaran ya haura kuɗin sayen mashin ɗin nesa, kuma kusan duk abu mai tsada sau biyu aka biya shi, walda, fenti, kujera, kan mashin, har da CDI ɗin da ba abun da ya same shi yana nan a durowa.

Yanzu in ka tsaya ka kalle shi, dogon madigadi, zagayayyiyar fitila, jan tanki da robar gwiwa, gefe a rufe, kujerar mutum biyu, ba abun da ya rage na Landan sai 'yar lanƙwasar baya. Ranar wata Juma'a bayan an sauko masallaci ya wanke shi ya fito da shi ƙofar gida ya ɗauko hoton falo ya jingina a kan kujerar, ya ce, "Baba zo ka gani." Baba ya zagaya shi sau biyu da sandarsa, ya shafa tankin, ya miƙa mini sandar, ya tattare babbar riga ya ɗora ƙafa a kik, duk muna "Baba a hankali", bugu ɗaya ya tashi. Ya ɗan murɗa totur ya karkata kai yana saurare, ya daɗe a haka, sannan ya kashe ya ce jiki dai ya yi, amma muryar ba ita bace, nasa silinda biyu ne, wannan ɗaya. Daren ranar na ji ƙanena a waya yana tambayar wani abokinsa ko gaskiya ne akwai gawar CD175 a wani gida a Bukuru, kuma ko injin na juyawa.